Ƙyandar Jamus: Yadda Dokar Kare Mai Ciki Ta Hau Kan Kowa

Fiye da shekara ɗari likitocin Turai ba su ɗauki ƙyandar Jamus, wato rubella, a bakin komai ba. Zazzaɓi ne sama-sama, da ƙananan ƙuraje da ke fesowa a fuska su gangara jiki, da kaluluwa a bayan kunne, kwana uku yaro ya miƙe. Sai a 1941 wani likitan ido a birnin Sidni na Ostireliya, Norman Gregg, ya ga ana ta kawo jarirai da yana a ido, lalurar da aka fi sani ga tsofaffi. Ya bi diddigin jarirai 78, ya tarar 68 daga cikin uwayensu sun yi wannan ƙyanda a farkon cikinsu. Nan aka gane ɗan tayi ne cutar ke yi wa ɓarna: makanta, kurumta, ciwon zuciya, ko ɓarin cikin ɗungurungum. Tarihin dokokin da suka biyo baya ya nuna abu guda: ba a iya kare mai ciki ita kaɗai, sai an toshe wa cutar hanya a jikin kowa.

Matakin farko shi ne killacewa: wanda ya kamu ya zauna gida kwana bakwai bayan fitowar ƙuraje, mai juna biyu kuma ta nisance shi. Har yau ana bin wannan ƙa'ida, amma ba ta isa ba. Mutum yana yaɗa cutar tun mako guda kafin ƙurajen su fito, kusan rabin masu kamuwa ba sa nuna alama, jaririn da aka haifa da ita kuwa yana iya yaɗa ta har shekara guda. Annobar Amurka ta 1964 zuwa 1965 ta tabbatar da haka: mutum kusan miliyan 12.5 suka kamu, aka haifi jarirai kimanin 20,000 da nakasa.

Da allurar rigakafi ta samu a 1969, sai hanya ta rabu biyu. Amurka ta yi wa yara maza da mata. Birtaniya a 1970, da Japan a 1977, suka taƙaita ga 'yan mata 'yan makaranta, bisa hujjar cewa su ne za su ɗauki ciki gobe. Hujjar tana da ma'ana, sai dai cutar ta ci gaba da yawo tsakanin yara da maza har ta riski matan da allurar ta tsallake. Birtaniya ta koma yi wa dukkan yara a 1988. Japan ta gyara a 1995, amma ta riga ta bar tarin maza ba kariya. A 2013 mutum fiye da 14,000 suka kamu, galibinsu maza manya, aka kuma haifi jarirai 45 da nakasar cutar tsakanin 2012 da 2014. Dole a 2019 gwamnati ta fara kiran mazan da aka haifa daga 1962 zuwa 1979 domin gwaji da allura kyauta.

Masu ja da tsarin yi wa dukkan yara allura suna kafa hujja da ƙasar Girka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Can an yi shekaru ana yi wa yara allura ba tare da an kai ko rabinsu ba. Cutar ta lafa har 'yan mata da yawa suka girma ba su kamu ba, ba a kuma yi musu rigakafi ba, sai annobar 1993 ta same su a shekarun haihuwa. Amma abin da Girka ta nuna shi ne illar aikin rabi da rabi. Ƙasashen nahiyar Amurka sun haɗa allurar yara da gangamin yi wa manya, maza da mata, kuma a 2015 aka ayyana sun kawar da cutar.

Wani uban zai ce me ya haɗa ɗansa namiji da allurar cutar da ba za ta kwantar da shi ba. Yaron nan yana kwana ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa, yana shiga ɗakin matar yayansa, gobe kuma shi ne mijin wata. Najeriya ta fara gangamin allurar ƙyanda da rubella a Oktoban 2025 ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, maza da mata. Nasararsa tana kan a kai ga kusan kowane yaro, a kuma ɗore da allurar jarirai shekara bayan shekara, domin duk wanda aka tsallake yau zai girma da giɓin.