Ƙaramin akun tsaunukan Habasha

Agapornis taranta wani ƙaramin aku ne da ba a samun sa a daji sai a tsaunukan Habasha da Eritiriya. Tsawonsa wajen santimita 16 ne, bai kai kurciya girma ba. Masana sun fara rubuta bayaninsa a shekarar 1814, kuma ya samo sunansa daga mashigin Taranta da ke duwatsun Eritiriya.

Jikinsa kore ne, bakinsa ja. Namijin yana da jan goshi, ƙasan fiffikensa baƙi ne. Kan tamatar kuwa kore ne baki ɗaya.

Yawancin akuna tsuntsayen ƙasa mai zafi ne, amma wannan yana rayuwa a tudu, daga mita 1500 zuwa sama da 3000, inda dare ke da tsananin sanyi. Yakan fita kiwo cikin ƙaramin garke, yana cin ɓaure da sauran ƴaƴan itatuwa da tsaba. Har cikin lambunan birnin Addis Ababa ana ganin sa.

Kogon itace shi ne makwancinsa, nan kuma yake sheƙa. Tamatar kan yi ƙwai uku ko huɗu, ta kwanta a kansu sama da mako uku. Ƴaƴan sukan tashi bayan kamar wata ɗaya da rabi.

Hukumar IUCN ba ta sa shi cikin tsuntsayen da ke barazanar ƙarewa ba. Sai dai kogo a tsofaffin itatuwa ake samun sa, saboda haka duk inda aka sare su, tsuntsun yakan rasa wurin haihuwa da mafakar sanyi.