Rubutu da ƙwayar ido: inda harshe ya fi na'ura muhimmanci

Cibiyar gyaran gaɓoɓi da ƙungiyar agaji ta ICRC ta buɗe a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a 2020 tana haɗa ƙafar roba, tana koya wa mutum tafiya. Amma akwai majinyacin da wannan bai isa gare shi ba, wato wanda jikinsa ya shanye har harshe, hankalinsa garau, idonsa kaɗai ke motsi. Irinsa ake ƙera wa kwamfutar da ake sarrafawa da kallo. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, in ana son ta amfani majinyaci a unguwa irin Bolori ta Maiduguri, wajibi ne a fara tsara ta daga harshe kafin a zo kan na'ura.

Na'urar tana haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamara ta auna tazarar da ke tsakanin ƙwayar idon da ƙyallin hasken, daga nan ta gane inda ake duba. Kamfanin Tobii na Suwidin ya fara wannan sana'a a 2001, Windows 10 ta karɓe ta a 2017, iPhone kuma a 2024. Matsalar da mai bincike Robert Jacob ya bayyana tun 1990 dai tana nan: an halicci ido don gani, in aka mai da kowane kallo umarni, mutum zai danna duk abin da ya duba. Maganin da aka saba shi ne a tsayar da ido kan harafi na kusan daƙiƙa guda kafin ya zaɓu, kuma a yi maɓallai manya, tun da awon kan kauce kaɗan. Ke nan kowane harafi yana cin lokaci da ƙarfin majinyaci, aikin mai tsarawa kuwa shi ne rage yawan kallon.

Harshe ne ke rage shi. A 2002 David Ward da David MacKay na Jami'ar Kambirij sun nuna cewa manhajarsu Dasher, wadda ke faɗaɗa harafin da ya fi yiwuwa ya biyo baya, tana kai gwani ga kalma 25 a minti da ido kawai. Hasashen nan daga rubutun harshen ake koyo shi, don haka allon da aka horar da Turanci ba zai taɓuka wa Bahaushe komai ba, balle ya ba shi ɓ, ɗ da ƙ, ko ya ba Babarbare ǝ. Alhali Hausa ta zo da sauƙi: gaɓa ba ta farawa da baƙaƙe biyu, saboda haka da an zaɓi baƙin farko, wasula biyar ne kaɗai ke jira. Allon da zai fito da su manya a tsakiya, ya ɗauki irin su sh da ts a matsayin maɓalli ɗaiɗai, ya riga ya rage wahala sosai.

Za a ce wannan na'ura alatu ce a Maiduguri, garin da ya daɗe cikin duhu bayan an rusa turakun wuta na hanyar Damaturu a Janairun 2021. Maganar tana da ƙarfi, har ma akwai ƙari: hasken rana yana rikita na'urar, majinyaci kuma a inuwar tsakar gida ake kwantar da shi. Sai dai ƙorafin ya shafi na'ura ne kawai. Tsarin baƙi da wasali yana aiki a kan allon roba mai nuna bayansa, wanda mai jinya zai riƙe tsakaninsa da majinyaci yana karanta inda idon ya sauka. Ba ya buƙatar caji. Abin lura ɗaya, allon yana tilasta haɗa ido, abin da kunya kan hana suruka yi da surukinta, don haka zaɓen wanda zai riƙe shi yana cikin tsarin.

Ƙorafi na biyu ya fi wuya: da yawa ba su karanta boko. Wanda ya yi makarantar allo ajami ya sani, mai tafiya daga dama zuwa hagu, wasulansa alamomi ne a sama da ƙasa, sai an sake jera masa allon gaba ɗaya. Wanda bai yi ko ɗaya ba sai hotuna da jimloli shiryayyu: ruwa, juya ni, alwala, kira mini wance. Waɗannan daga bakin masu jinya a Bolori za a tattaro su, da Hausa da Barbarci.