Saita tuddai da daidaita ma'auni a binciken sinadarai

Saita tuddai da daidaita ma'auni matakai ne guda biyu da ake bi wajen gyara bayanan da na'urorin binciken sinadarai suka fitar, kafin a kwatanta samfuri da samfuri. Na'urori irin su kuromatogirafi da NMR suna fitar da sakamako a matsayin zane mai hawa da sauka. Kowane tudu a zanen alama ce ta wani sinadari: wurin da ya bayyana yana nuna ko wane ne, girmansa kuma yana nuna yawansa.

Saita tuddai

A kuromatogirafi, sinadarai suna ratsa wani siririn bututu, kowanne ya fito a lokacinsa. Sai dai lokacin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tsufan bututu, canjin zafi, da ɗan bambanci a ruwan da ke tura samfurin duk suna sa sinadarin da ya fito a minti na 7 da safe ya makara da 'yan daƙiƙoƙi da yamma. Idan samfura ɗari ne, kwamfuta tana iya ɗaukar sinadari ɗaya a matsayin biyu, ko ta haɗe biyu su zama ɗaya.

A shekarar 1958 Ervin Kováts, masanin sinadarai ɗan asalin ƙasar Hungari da ya yi aiki a Switzerland, ya fito da hanyar auna kowane tudu da jerin sinadaran alken maimakon agogo. Alken mai kabon 8 yana da lamba 800, mai kabon 9 kuma 900, sauran sinadarai su samu lamba gwargwadon inda suka faɗo a tsakani. Har yanzu ana amfani da ita a kuromatogirafin iskar gas.

Daga baya aka koma ga lissafin kwamfuta. Hanyar COW, wadda masu bincike a Denmak suka wallafa a 1998, tana yanka zanen gunduwa-gunduwa, ta miƙe wani ta takure wani har ya dace da zanen da aka zaɓa a matsayin madubi. Manhajar XCMS ta cibiyar Scripps da ke Amurka ta biyo baya a 2006. Haɗarin waɗannan hanyoyi shi ne wuce gona da iri, inda ake tilasta wa tuddan da ba su da alaƙa su hau kan juna.

Daidaita ma'auni

Wannan mataki ya shafi girman tuddai ne. Fitsari shi ne misalin da aka fi kawowa: wanda ya sha ruwa da yawa, duk tuddansa za su yi ƙasa ko da lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake raba sakamakon da yawan kiriyatinin, kodayake ciwon ƙoda yana ɓata wannan lissafi.

Wata hanyar ita ce a zuba sanannen adadi na wani sinadari a kowane samfuri tun farko, galibi mai ɗauke da kabon-13, a auna sauran da shi. Akwai kuma raba kowane tudu da jimillar tuddan samfurin. Wannan ta fi sauƙi, amma tana da aibi babba: idan sinadari ɗaya ya yi yawa ƙwarai, kamar sukari a fitsarin mai ciwon suga, sauran duk za su zama kamar sun ragu alhali ba su motsa ba. Hanyar PQN ta 2006 ta rage wannan matsala ta amfani da matsakaicin bambancin tuddai maimakon jimilla.

A manyan bincike ana haɗa ɗan kaɗan daga kowane samfuri a yi gauraye ɗaya, a riƙa saka shi a na'ura bayan kowane 'yan samfura, domin a gane canjin da ya fito daga na'urar kanta.