Jan tirela da motar a-kori-kura: abubuwan da ya kamata direba ya sani

A ƙasashe irin su Amurka da Ostareliya, an saba ganin motar a-kori-kura tana jan wani ɗan ɗaki mai tayoyi, wanda iyalai kan kwana a ciki idan sun fita yawon buɗe ido.

A yankin Karofi da Dutsin-Ma da Kurfi na jihar Katsina kuwa, abin da irin wannan mota kan ja shi ne tankin ruwa, ko janareto, ko injin sussuka, ko ƙaramar tirela da aka loda wa taki za a kai wa manoman rani a kewayen madatsar ruwa ta Zobe.

Kayan sun bambanta, amma ƙa'idojin ja iri ɗaya ne.

Nauyin da mota za ta iya ja

Kowace mota tana da iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya amince ta ja, kuma yana rubuce a littafin motar.

Wasu samfuran Toyota Hilux na baya-bayan nan suna iya jan kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da birkin kanta. Idan ba ta da shi, iyakar ita ce kilo 750.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin tirelar da aka haɗa a wajen mai walda sau da yawa ba ta da birki ko kaɗan.

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan tanki mai lita 1,000 a kan tirela mai nauyin kilo 400 ya kai kilo 1,400, kusan ninki biyu na abin da aka yarda a ja babu birki. Buhu goma na masara mai kilo 100 ma tan ɗaya ne.

Yadda ake jera kaya

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a sa kimanin kashi 60 cikin ɗari na kayan a gaban tayoyin tirela, ta yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na dukkan nauyin zai sauka a kan ƙugiyar mota.

Idan kaya suka rinjaya baya, tirela za ta riƙa lilo hagu da dama da zarar gudu ya ƙaru. Idan kuma suka yi yawa a gaba, bayan mota zai dulmiya, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako.

Nauyin da ke kan ƙugiya yana cikin lodin motar ne, don haka ba daidai ba ne a cika bayan mota da kaya da fasinjoji sannan a ƙara mata tirela.

Tankin da ba a cika ba yana da nasa haɗarin: ruwan kan bugi gaba idan aka taka birki, ya tura motar.

Kafin a tashi

Ƙugiya ta kasance a ɗaure da ƙashin mota, ba da bamba ba. A ƙara da sarƙoƙi biyu, a gitta su a ƙarƙashin hancin tirela domin su tallafe shi idan ƙugiya ta kuɓuce.

A tabbatar fitilun birki da na nuna alamar kwana suna aiki a bayan tirela, musamman ga mai dawowa daga kasuwa bayan magariba.

A duba iskar tayoyi da shekarunsu. Lambobi huɗu da ke jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu.

A kan hanya

Idan aka ninka gudu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙa'idojin tuƙi na Nijeriya suka taƙaita gudun manyan tireloli da tankoki a kilomita 50 cikin sa'a a babbar hanya. Mai jan ƙaramar tirela ma zai amfana da wannan ma'auni, tare da barin tazara mai yawa, ganin yadda shanu da babura kan faɗo hanya ba zato.

A gangara, a sauko zuwa ƙaramar giya. Dogon taka birki kan sa ya yi zafi har ya daina kamawa.

A kwana, a buɗe sosai, domin tayoyin tirela suna yanke kwana fiye da na mota. A lokacin komawa da baya kuma, tirela takan nufi sabanin inda bayan mota ya nufa, don haka a samu mai duba wa direba.

Idan tirela ta fara lilo

Abin da kan fara zuwa ran direba shi ne ya danna birki da ƙarfi, alhali hakan kan sa tirela ta naɗe motar ta gefe ko ta kifar da ita.

Abin da ya dace shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe har gudu ya ragu, sannan ya tsaya a gefen hanya ya matsar da kaya gaba kafin ya ci gaba da tafiya.