Shirya gine-ginen kasuwanci domin karɓar 5G da ingantaccen sabis a ciki

A manyan shaguna, otal-otal, asibitoci da ofisoshi masu hawa da yawa a biranen Najeriya, abu ne da aka saba gani mutum ya fito bakin ƙofa ko ya matsa jikin taga kafin ya samu damar amsa kira. Ga ɗan kasuwa, matsalar ta wuce ta kiran waya: idan na'urar POS ta kasa samun sabis, ko saƙon shigar kuɗi ya ƙi zuwa, ciniki ne ke tsayawa. Ƙarancin takardun naira da aka fuskanta a farkon shekarar 2023 ya nuna yadda saye da sayarwa suka dogara da hanyoyin sadarwa.

Zuwan fasahar 5G bai kawar da wannan matsala ba. A gine-ginen da ba a yi musu tanadi ba, yana iya ƙara fito da ita fili.

Yadda 5G ta shigo Najeriya

Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan 5G a watan Satumbar 2021. A watan Disambar wannan shekara, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5, inda kamfanonin MTN da Mafab Communications suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ya fara ba da sabis ɗin a 2022, Mafab ya ƙaddamar da nasa a Janairun 2023, sannan Airtel ya biyo baya a tsakiyar shekarar.

Dalilin da ke sa sabis ya raunana a cikin gini

Wayar salula tana aiki ne da igiyoyin rediyo da ke tafiya tsakaninta da ƙarfen sabis mafi kusa. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da zangon igiyar ya ƙara hawa, ana samun damar ɗaukar bayanai da yawa, amma ƙarfin ratsa bango yana raguwa. Tsarin GSM da ya fara aiki a ƙasar nan a 2001 yana amfani da megahaz 900 da 1800, 3G kuma da 2100. Ita kuwa 5G da aka yi gwanjonta tana kan megahaz 3,500. Shi ya sa waya kan nuna 5G a bakin titi, amma da an shiga tsakiyar gini sai ta koma 4G ko ƙasa da haka.

Kayan gini su ma suna da tasu rawar. Kankare mai rodi da yawa yana shanye igiyar, rufin kwano da sauran ƙarfe suna mayar da ita baya. Gilashin zamani da ake lulluɓe manyan benaye da shi domin rage zafin rana yakan zo da siririn shafen ƙarfe wanda ido ba ya gani, kuma wannan shafe yana tare sabis kamar yadda yake tare zafi. Wuraren da suka fi shan wahala su ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, cikin lif, matakalar bene da ɗakunan da ke tsakiyar gini.

Akwai kuma cunkoso. A kasuwa ko zauren taro, waya na iya nuna sabis cike amma intanet ya ƙi tafiya, saboda dubban mutane suna rabon ƙarfen sabis guda. Wannan ba matsalar bango ba ce, kuma maganinta daban ne.

Hanyoyin gyara

Mataki na farko shi ne aunawa. Injiniyoyi kan zagaya ginin hawa-hawa da na'urar gwaji, su rubuta ƙarfin sabis na kowane kamfani a kowane sashe, domin a san ko rauni ne ke damun wurin ko cunkoso.

Ga ƙaramin gini, na'urar ƙara ƙarfin sabis tana iya wadatarwa. Ana kafa eriya a saman rufi ta kamo sabis daga waje, na'urar ta ƙarfafa shi, ta watsa a ciki. Sai dai ba ta ƙara yawan mutanen da layin zai ɗauka, kuma idan sabis ɗin waje ba shi da kyau, abin da za ta shigo da shi ke nan.

Ga babban gini, abin da aka fi amfani da shi shi ne tsarin rarraba eriya da ake kira DAS. Ana ajiye na'urorin kamfanin sadarwa a ɗaki guda, daga nan a ja wayoyi zuwa ƙananan eriyoyi da ake maƙalawa a silin na kowane hawa. Tsari guda yana iya ɗaukar kamfanoni da dama a lokaci ɗaya, wanda hakan ke da muhimmanci a wurin da baƙi ke shigowa da layuka iri-iri. Wanda aka kafa tun zamanin 3G ko 4G ba lallai ne ya ɗauki zangon gigahaz 3.5 ba, don haka sai an duba shi, wani lokaci kuma a sauya wasu sassansa.

Hanya ta uku ita ce ƙananan tashoshin cikin gida. Kowace tasha tana da girman na'urar Wi-Fi ta ofis, ana haɗa ta da cibiyar kamfanin ta wayar faiba, kuma tana ƙara ƙarfin sabis tare da yawan masu iya amfani da shi. Wi-Fi mai kyau shi ma yana rage nauyi, musamman ga ma'aikatan wurin, amma ba ya maye gurbin sabis ga baƙon da ya shigo da layinsa kawai.

Abin da ya kamata a tanada tun daga zane

Aikin ya fi sauƙi da araha idan an sa shi cikin zanen gini, kamar yadda ake sa ruwa da lantarki. Fasa bango da silin bayan an gama gini, alhali masu haya suna ciki, yana cin kuɗi da lokaci.

Masu zanen gini da injiniyoyi kan tanadi bututun shigar faiba daga titi, kuma ya fi kyau a samu hanyoyi biyu ta ɓangarori daban-daban, domin yankewar faiba a lokacin aikin titi matsala ce da kamfanonin sadarwa suka daɗe suna kuka da ita. Ana buƙatar ɗakin na'urori mai sanyi da tsaro, da ramin da wayoyi za su bi daga ƙasa zuwa sama, da ƙaramin wurin rarrabawa a kowane hawa. Wayar intanet ta tagulla ba ta wuce tsawon mita 100, saboda haka faɗin hawa shi ke nuna yawan wuraren da za a tanada. A saman rufi kuma a bar wurin eriya, tare da kariya daga tsawa.

Wutar lantarki ita ce sharaɗin da ba a iya tsallakewa. Duk waɗannan na'urori suna mutuwa da zarar an ɗauke wuta, don haka ana haɗa su da batura da inbata, ko sola, ta yadda sabis ba zai yanke ba kafin janareta ya tashi.

Doka da yarjejeniya

Zangon sadarwa na kamfanonin da ke da lasisi ne, a ƙarƙashin Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003, kuma dole ne na'urorin sadarwa su samu amincewar NCC kafin a yi amfani da su. Hukumar ta gargaɗi jama'a kan kafa na'urorin ƙara sabis ba tare da izini ba, domin wadda aka kafa ba daidai ba tana iya dagula sabis ɗin maƙwabta. Hanyar da ta dace ita ce mai gini ya tuntuɓi kamfanin sadarwa kai tsaye.

Kafin a fara aiki, yana da kyau a rubuta yarjejeniya da ta fayyace wanda zai biya kuɗin kayan, wanda zai ɗauki nauyin wuta da gyara, da kuma ko wasu kamfanoni za su iya shiga tsarin daga baya. Mai amfani da layi da ya kai ƙorafi ga kamfaninsa bai samu biyan buƙata ba yana iya kiran NCC kyauta a lamba 622.