Kiɗan Kyuba a Bayan Badala: Bompai da Sabon Gari

A shekarar 1930 ne ƙungiyar makaɗa ta Don Azpiazu ta ɗauki wata waƙar ƙasar Kyuba a faifan garmaho a birnin New York. Sunan waƙar El Manicero, watau mai tallar gyaɗa. Bayan shekara uku, a 1933, kamfanin HMV na Ingila ya soma fitar da jerin fayafayen da aka sani da GV domin kasuwannin Afirka, kuma wannan waƙa ce ta ɗaya a jerin. Ke nan a daidai lokacin da dalar gyaɗa take tashi a Kano, waƙar mai tallar gyaɗa ce take buɗe wa kiɗan Latin ƙofar nahiyar nan. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, me ya sa kiɗan ya zama ɗan gida a Kinshasa da Dakar da Konakiri, amma a Kano ya tsaya a bayan badala?

Da farko dai kiɗan ba baƙo ba ne ƙwarai. Tushen kaɗe-kaɗen Kyuba yana wurin bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa da Kalaba da Kwango, sa'an nan aka gauraya shi da jita da waƙar Sifaniyawa. Saboda haka da faifan ya iso, kunnuwan mutane suka gane shi. A Kwango, Joseph Kabasele ya kafa African Jazz a 1953, Franco ya biyo da OK Jazz a 1956, suka juya kiɗan zuwa harshen Lingala. A Gini aka sami Bembeya Jazz a 1961, a Senegal kuma Orchestra Baobab a 1970. Gwamnatin Mali har ɗalibai ta tura Habana a 1964 su koyo kiɗa, cikinsu da Boncana Maïga. Da sunan salsa ya bazu daga New York ta hannun kamfanin Fania, sai makaɗansa tare da Celia Cruz suka zo Kinshasa a 1974.

A Nijeriya ta hanyar highlife kiɗan ya shigo. E. T. Mensah na Gana da Bobby Benson na Ikko sun cusa gangunan Kyuba da salon rumba da ca-ca-ca a cikin kiɗansu, jirgin ƙasa kuwa, wanda ya iso Kano tun 1911, ya yi dakon faifan zuwa Arewa. To, a nan ne tsarin gari ya yi aikinsa. Turawan mulkin mallaka sun raba Kano gida-gida: Birni na 'yan ƙasa, Sabon Gari na baƙi daga Kudu tun 1913, Nasarawa da Bompai na Turawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Bompai ta zama unguwar masana'antu, da injinan matsar gyaɗa da na jima da na saƙa, tun kafin a buɗe Sharaɗa da Challawa. A kan titin Bompai ne Kano Club da Central Hotel suke, matattarar Turawa da Kwarori da manyan ma'aikata. Akawu da makanike da leburan kamfani kuwa, Sabon Gari da Gwagwarwa suke komawa in an tashi aiki, inda makaɗan highlife suke cika otal-otal daren Asabar. Masu sauraren kiɗan Latin na farko a Kano, 'yan albashi ne.

Wannan shi ne ƙarfin kiɗan, shi ne kuma rauninsa. Rawa ce ta mace da namiji riƙe da juna, a gidan da ake sayar da giya, abin da mutanen Birni ba su lamunta ba. Daɗin daɗawa, rikicin 1966 ya kori dubban mazauna Sabon Gari, highlife ya yi sanyi. Abin da ya cike gurbin shi ne kiɗan Kwango, wanda akwatin rediyo da kaset suka yaɗa, musamman bayan buɗe tashar Africa No. 1 a Gabon a 1981. Mai sauraren Franco a shagon tela yana jin jikan kiɗan Kyuba ne, ko da bai san sunan kakan ba.

Idan aka dubi waƙoƙin Indiya sai bambancin ya fito fili. Su ma baƙi ne, su ma a bayan badala suka sauka, a silimun Kwarori irin su Rex da Plaza. Amma sun zo da labari na soyayya da kunya da biyayya ga iyaye, ba sa kuma bukatar filin rawa. Nan da nan suka shiga ɗakunan matan aure ta rediyo, masu bandiri suka ari karinsu wajen begen Annabi, daga bisani finafinan Hausa, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990, suka mayar da su nasu. Kiɗan Kyuba bai sami mai yi masa irin wannan iso ba.

Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu da ƙarancin wutar lantarki suka durƙusar da masana'antu da dama a Bompai, sai ajin ma'aikatan da yake riƙe da wannan nishaɗi ya ragu. A waje kuwa kiɗan ya sake farfaɗowa: Africando a 1992, Buena Vista Social Club a 1997, sai dawowar Baobab a 2001. Yau duk mai wayar hannu a Kano yana iya jin waɗannan ba tare da ya taka ƙofar otal ba.

Darasin da ke nan ga ɗalibin tarihi shi ne, daɗin kiɗa kaɗai ba ya ba shi zama a gari. Ƙofar da baƙo ya shigo ta ita, da wanda ya yi masa masauki, su ne suke yanke masa matsayi.