Ferobiskait: Yadda Surkin Ƙarfe Ke Sauya Haskensa

Ferobiskait suna ne na wani dangin ma'adinai da aka fara ganowa a tsaunukan Ural na Rasha a 1839. Wanda masana ke nazari a yau haɗi ne na ɗakin gwaji: siziyom, dalma, da ɗaya daga cikin kulorin, buromin ko aidin. A 2015 ayarin Maksym Kovalenko a Zurich ya samar da shi a matsayin ƙwayoyin lu'ulu'u masu faɗin kimanin nanomita 10, wato a kasa mita gida biliyan a ɗauki goma. Idan aka haska su sai su mayar da haske, daga shuɗi zuwa ja, gwargwadon haɗinsu.

Surki shi ne a cire ƙwayoyin dalma kaɗan a maye gurbinsu da wani ƙarfe. Baƙon ƙarfen yakan karɓe kuzarin da lu'ulu'un ya zuƙa, ya fitar da shi da nasa launin. Manganis yana ba da launin ruwan goro, a wajajen nanomita 600. Itabiyom ya fi ban mamaki: yakan raba ƙwayar haske ɗaya mai ƙarfi zuwa biyu marasa ƙarfi, a wajajen nanomita 980, inda ido ba ya gani amma silikon yana iya sha. A 2018 ayarin Daniel Gamelin na Jami'ar Washington ya auna ƙwayoyin haske kusan 170 suna fita a kan kowace 100 da aka zuƙa.

Nan batun ya shafi Ikara, Makarfi da Kudan, inda noman rake da tumatir ke buƙatar ban-ruwa, kuma tsadar fetur tun cire tallafi a 2023 ta sa manoma ke hangen injin sola. Farantan da ke kasuwa na silikon ne, kuma suna asarar yawancin ƙarfin hasken da ke bayan shuɗi. Shafen itabiyom zai iya ceto wani ɓangare nasa, sai dai har yanzu aikin na ɗakin gwaji ne, domin zafi da danshi suna lalata ferobiskait.

Surki kuma ba ya kawar da dalma, rage ta kawai yake yi, kuma irin wannan dalmar ruwa na narkar da ita. Ƙasar da gubar dalma ta kashe mata yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 tana da hujjar tambayar wa zai kwashe mataccen faranti daga bakin fadama kafin a ba da izinin shigo da shi.